Yadda za ka taka da ƙafa daga Jigawa zuwa Damagaram ba tare da ka taka doka ba

Duk ranar Alhamis, idan ka tsaya a kasuwar Maigatari, za ka ga mutanen Nijar sun koro raƙuma da shanu da tumaki, wasunsu a ƙafa suka kwana suna tafe. Wanda ya taso yana ganin haka sai ya ɗauka iyaka ba komai ba ce, tunda harshe ɗaya, addini ɗaya, ga auratayya. Ni ma haka na ɗauka. Shekarun baya na tashi daga ƙauyenmu a ƙasar Gumel zuwa wajen dangin mahaifiyata a Magarya, na bi ta cikin gonaki na tsallaka. Sai a wani shinge can ciki jandarma ya ce in kawo takarda. Ba hatimin shiga, ba katin rigakafi. Na zauna a gindin bishiya tun hantsi har la'asar, sai da kawuna ya zo ya tsaya mini. Tafiyar kam tana yiwuwa, kakanninmu fatake sun yi wadda ta fi ta, alhazan da ma da ƙafa suka ratsa Cadi da Sudan. Amma yau sai an shirya mata.

Fara da takardu tun kafin ka nemi takalmi. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga wata ƙasar ba biza har kwana 90, da sharaɗin yana riƙe da takardar tafiya mai aiki da shaidar rigakafi. A wajenmu wannan na nufin fasfo da hukumar shige da fice ke bayarwa. Ka je ofishinsu na Dutse ko Kano da kanka, kada ka ba ɗan tsakiya. Katin zaɓe ba takardar tsallaka iyaka ba ne, ko da kuwa ka ga 'yan kasuwar da aka saba da fuskarsu suna wucewa da shi. Sai allurar cutar shawara da katinta ruwan ɗorawa. Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, don haka kada ka bari sai ana gobe tafiya. Da zarar an yi maka sau ɗaya, ta ishe ka har ƙarshen rayuwa. Ka yi hoton kowace takarda, ka naɗe na ainihin a leda saboda gumi.

Na biyu, ka binciki halin da iyakar ke ciki a makon da za ka tashi, domin abin da ya halatta bara yana iya zama laifi bana. A watan Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin tudu, ba a buɗe Maigatari ba sai Disambar 2020. Bayan juyin mulkin da ya kifar da shugaban Nijar Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa, har zuwa Maris na 2024. Sannan ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS. A lokacin, ɓangarorin biyu sun sanar cewa jama'a za su ci gaba da zirga-zirga ba biza, amma ka lura: wannan sanarwa ce ta gwamnatoci, ba tsohuwar yarjejeniyar ce ke ɗaure da su ba, kuma jami'an Nijar sun ƙara tsanani wajen duba takardun baƙi. Mafi sauƙi, ka je Maigatari ranar kasuwa ka tambayi jami'an shige da fice baki da baki, ka kuma ji ta bakin direbobin da ke shiga kullum.

Na uku shi ne inda na yi kuskure, kuma a kansa na fi son a saurare ni. Iyakarmu da Nijar ta kai kusan kilomita 1,500, yawancinta ba katanga ba waya, Turawan Ingila da Faransa ne suka shata ta a farkon ƙarnin da ya wuce. Za ka iya tsallakawa ta gonar gero ba ka sani ba. To amma doka ba ta san ka shiga ba sai ka bi ta ƙofa an buga maka hatimi: na fita a ɓangarenmu, na shiga a nasu. Masu acaɓa za su ce maka, "Malam, zo mu bi ta ɓarauniyar hanya, ba ɓata lokaci." Kada ka yarda. Lokacin da ka ce ka rage a nan, ninkinsa za ka biya a gaba. Idan jami'i ya yi mamakin ganinka a ƙafa, faɗa masa gaskiya a taƙaice: "Ranka ya daɗe, ziyara za ni wajen kawuna, ga sunan garin, ga lambarsa." Ka duba da idonka cewa hatimin ya hau da kwanan watan ranar, in an karɓi kuɗi ka nemi rasit.

Batun kaya ba shi da tsawo. Ban da fetur, ban da makami, ban da ƙwayoyi irin su taramol, kuma ko ɗan garinku ne kada ka karɓi ƙullin saƙon da ba ka buɗe ka gani ba. Kada ka ɗaga waya kana ɗaukar hoton shinge ko sojoji.

Sai lokaci da jiki. Hunturu ne lokacin tafiya, daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu: an cire amfanin gona, hanya ta buɗe, rana da sauƙi. A bazara zafi na wuce maki 40, da damina kuma ratsa shuka neman rigima ne. Mai lafiya da ya saba da noma zai iya cin kilomita 20 zuwa 25 a yini, amma yashin can yana cin ƙafa fiye da yadda kake zato. Ka tashi bayan asuba, ka sauka kafin azahar, ka ƙara kaɗan bayan la'asar. Daga Maigatari ta Dungas da Magarya zuwa Damagaram ka ware mako guda da 'yan kwanaki. Kafin nan ka gwada kanka a gida: taka daga Gumel zuwa Maigatari da jakar a bayanka, da takalmin da za ka tafi da shi. Ruwa kada ya gaza lita huɗu a jikinka, sai ƙuli-ƙuli, garin kwaki, dabino, rawani saboda ƙura, da bargo, don sanyin asuba a fili ba wasa ba ne.

Kuɗi ka canja zuwa sefa tun a Maigatari, ka kuma koyi lissafinsu. Can da dala ake ƙirga, dala ɗaya faran biyar ce, don haka in mai fura ta ce dala ashirin, faran 100 take nufi. Jika kuwa faran 1,000. Layin waya na Nijar ma ka saya da wuri.

Kada ka kwana a daji. Kowane gari ka isa, nemi ƙofar mai gari kafin magariba, ka yi sallama ka faɗi inda ka fito da inda za ka. Wani dattijo da ya sauke ni a zaurensa ya ce mini, "Ɗana, baƙon da ya zo ta ƙofa namu ne, wanda aka tsinta a bayan gari kuwa sai ya yi bayani." Da safe shi zai gaya maka rijiyar da ke da ruwa da hanyar da za ka kauce wa. Ku tafi ku biyu ko uku in da hali, kuma wani a gida ya san zangonka na kowace rana.

Ka sa wa tafiyar iyaka. Gabas wajen Diffa akwai rikicin Boko Haram, yamma ta kan iyakar Maraɗi da Katsina da Zamfara akwai 'yan bindiga. Arewa da Agadas kuwa hamada ce: a Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92, yawancinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su kusa da iyakar Aljeriya bayan motocinsu sun lalace. Ni dai shawarata mai tafiyar ƙafa ya tsaya a Damagaram.

Ranar dawowa ka bi ta ƙofar da ka shiga, kafin kwanakin da aka ba ka su cika, a buga maka hatimin fita a can da na shiga a nan. Idan ƙafa ta gaji, ka hau motar 'yan kasuwa da ke zuwa Maigatari ranar Alhamis.