Yadda na gyara irin Digitalis da ya ƙi tsirowa

Irin furen Digitalis purpurea da na shuka a lambuna a Ingila ya ƙi fitowa sam. Rufe shi da ƙasa ne ya jawo: ƙwayar kamar ƙura take, kuma sai ta samu haske take tsira.

A watan Yuni na sake barbaɗa shi a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa cikin faranti, na danna kawai, ban rufe ba. Ta ƙasan farantin nake ba da ruwa, don kwararawa daga sama kan binne irin. Da ɗumi kamar digiri 18 a ma'aunin Celsius, cikin mako uku ya fito.

Na dasa a inuwa-inuwa, tazarar santimita 40. Fure sai shekara ta biyu, kada a tumɓuke don ganin ganye kaɗai. A sa safar hannu, a nisanta yara: duk shukar guba ce mai taɓa zuciya.