Yadda za ka gane da idonka cewa zafin rana ne ke juya iska, hunturu da damina

Akwai tambayar da yara ke yi wadda manya da yawa ke tsallakewa: me ya sa watan Afrilu ke gasa mu kamar gurasa a tanderu, sannan bayan 'yan makonni sai hadari ya taso? Allah ne mai saukar da ruwa, wannan babu ja, amma Ya sanya wa komai sababi, kuma sababin nan ita ce rana. Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne, rana ba ta cika dumama iska kai tsaye ba, ƙasa da ruwa take dumamawa, su kuma su dumama iskar da ke kansu, kuma ba ta dumama ko'ina daidai. Wannan rashin daidaiton shi ke tayar da iska, shi ke haɗa hadari. Gani ya kori ji, don haka ga yadda za ka gwada a tsakar gida da kayan da ba sai ka je kasuwa ba.

Mataki na farko: sanda da inuwa

Samu sanda miƙaƙƙiya, ka kafa ta a fili yadda tsawon da ke sama zai kai mita ɗaya. Lokacin zawali, wato lokacin da inuwa ta fi gajarta kafin azahar, a Kano wajen sha biyu da rabi ne, sai ka auna inuwar da tef ɗin tela ka rubuta. Kar ka kalli ranar da ido don Allah, inuwa kawai za ka duba. Ka riƙa yi sau ɗaya a sati.

A Kano, ƙarshen Disamba za ka samu inuwar ta kai kusan santimita 70 tana nuna arewa. Daga nan sai ta dinga gajarcewa har wajen 21 ga Afrilu ta shige ƙarƙashin sandar gaba ɗaya, rana ta tsaya tsak a ka. A Yuni sai inuwar ta ɓullo ta kudu, kamar santimita 20, sannan wajen 21 ga Agusta ta sake ɓacewa. Dalili kuwa duniya a karkace take da kusan digiri 23.5 yayin da take zagaya rana. In kana son ganin me karkacewa ke yi, da dare ka haska tocila a bango kai tsaye, za ka ga haske ƙarami mai ƙarfi, ka karkata ta sai hasken ya bazu ya dusashe. Haka rana take yi wa ƙasa.

Mutane da yawa na zaton a hunturu mun yi nisa da rana ne. Wallahi akasin haka ne. Farkon Janairu duniya ta fi kusa da rana, kamar kilomita miliyan 147, farkon Yuli kuma ta fi nisa, kamar miliyan 152. Ka ga ke nan ba nisa ba ne, kusurwar da hasken ke faɗowa ce.

Mataki na biyu: kwano biyu

Wannan shi ne gwajin da na fi so, kuma in ka gane shi to ka gane rabin maganar. Ɗauki kwano biyu iri ɗaya, ɗaya ka cika da busasshen yashi ɗaya da ruwa, ka ajiye su a rana da ƙarfe tara na safe. Da ƙarfe biyu ka zo ka taɓa. Yashin zai ƙona maka yatsa, ruwan kuwa ɗumi-ɗumi kawai. In kana da ma'aunin zafi ka rubuta lambobin, in babu hannu ma ya isa. Kar ka tsaya nan, ka bar su har bayan isha'i ka sake taɓawa, saman yashin ya huce tuni, ruwan kuma yana riƙe da ɗuminsa.

Ruwa na buƙatar zafi kusan ninki biyar na abin da yashi mai nauyi ɗaya ke buƙata kafin ya hau digiri ɗaya. To yanzu ka ɗauka kwanon yashin nan Sahara ce a arewacinmu, kwanon ruwan kuma tekun Atilantika ne a kudu da Legas. Mu muna zaune a tsakanin kwanukan biyu, kuma duk shekararmu daga rani zuwa kaka jan igiya ce tsakaninsu.

Mataki na uku: bi hayaƙi

Da daddare a bazara, lokacin da ɗaki ya fi waje zafi, ka ɗan buɗe ƙofa ka kunna turaren tsinke. Riƙe shi a saman ƙofa, hayaƙin zai fita waje. Sauko da shi ƙasa kusa da dokin ƙofa, sai ka ga hayaƙin na shigowa ciki. Iska mai zafi ba ta da nauyi sai ta tashi, mai sanyi ta kwararo ta ƙasa ta cike gurbinta, iskar da kake ji tana kaɗa maka riga ke nan. Guguwar nan da ke murɗa leda da ƙura a fili da rana tsaka ita ma haka ce, ƙasa ta yi zafi sosai iska ta zabura sama. Shirwa da ungulu ma da kake gani suna shawagi ba sa kaɗa fiffike, iskar nan mai tashi suka hau.

Mataki na huɗu: haɗa ƙaramin hadari

Zuba ruwa kaɗan a roba, ka rufe bakinta da farar leda ka ɗaure, ka ɗora ƙaramin dutse a tsakiya, ka sa a rana. Bayan awa biyu ko uku za ka ga ɗige-ɗigen ruwa a cikin ledar suna gangarowa wajen dutsen suna ɗiga. Rana ta mayar da ruwa tururi, tururin ya taɓa wuri mai ɗan sanyi ya koma ruwa. Gumin da ledar fiya wata mai sanyi ke yi ma shi ne, ba daga ciki ruwan ya fito ba, daga iska ne.

A sama sanyi ake yi, duk kilomita ɗaya da ka hau zafi na raguwa da kusan digiri 6.5, shi ya sa Jos da ke kan tudu mai kusan mita 1,200 ta fi Kano sanyi duk da ta fi ta kusa da ikwaita, wato layin da ya raba duniya biyu tsakanin arewa da kudu. Iska mai laima in ta tashi sai ta huce, tururin ya dunƙule ya zama girgije. Kuma ga wani abu da ba a cika faɗa ba, zafin da ruwan ya sha kafin ya zama tururi bai ɓata ba, yana cikinsa a ɓoye, lokacin da ya koma ruwa a sama sai ya sake shi, wannan zafin ya ƙara tura girgijen sama ya yi ta toroƙo har ya zama baƙin hadari mai cida da walƙiya. Shi ya sa hadarinmu ya fi haɗuwa da la'asar zuwa dare, bayan rana ta wuni tana gasa ƙasa.

Mataki na biyar: ɗora su a kan shekara

Yanzu haɗa guda huɗun. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu rana ta karkata kudu, Sahara ta ɗan huce, sai busasshiyar iska ta kwararo daga arewa maso gabas, hunturu ke nan. Yawancin hazon da ke toshe mana hanci yana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, tsohon gindin tafki ne da ya ƙafe ya bar farar ƙura mai laushi. Dare na yin sanyi sosai saboda iskar ba ta da laima da za ta tare zafin da ƙasa ke fitarwa, kamar mutum ne ya kwana ba mayafi.

Maris da Afrilu inuwar sandarka na gajarcewa, ƙasa a bushe, babu ruwan da zai sha zafin, sai duk ya tafi wajen gasa ƙasa da iska, nan ne za ka ji Sakkwato da Maiduguri da Yamai sun haura digiri 40. Wahalar bazara dai kowa ya san ta, amma ita ce ke jawo damina. Kwanon yashi ya yi zafi, iskarsa ta tashi, sai iska mai laima ta taso daga teku ta kudu maso yamma don cike gurbi. Inda iskokin biyu ke karo yana matsowa arewa a hankali, shi ya sa Legas ke samun ruwa tun Maris ko Afrilu, mu sai Mayu ko Yuni, Agadas kuwa sai Yuli da Agusta kuma ɗan kaɗan. Fatakwal na samun sama da milimita 2,000 a shekara, Sakkwato ba ta kai 1,000 ba. Shamuwa ma da manoma ke murnar ganinta tafiyar ruwan nan take bi.

Za ka ce to in laima daga kudu maso yamma take, me ya sa hadari daga gabas yake zuwa mana? Tambaya mai kyau. Laimar a ƙasa-ƙasa take shigowa, amma can sama kamar kilomita uku zuwa huɗu akwai wata iska mai ƙarfi da ke gudu daga gabas zuwa yamma, wadda ita ma bambancin zafin Sahara da na kudu ne ya haife ta, ita ke tura hadarin. Ka lura da kanka, ranar da za a yi ruwa sau da yawa iskar ƙasa na kaɗawa daga yamma, gabas kuma ta yi baƙi ƙirin.

A Agusta kuma rana ta sake tsayawa a ka amma ba a zafin Afrilu, saboda girgije ya mayar da haske mai yawa sama, ƙasa kuma a jiƙe take, zafin na tafiya wajen busar da ita. Lokacin marka ke nan.

Mataki na shida: riƙe littafi

Abin da ka gani yau yanayin rana ɗaya ne. Masana sai sun tara na shekara 30 kafin su ce ga yadda yanayin wuri yake. Ruwan teku da ke riƙe zafi shekara da shekaru yana daga cikin abin da ke sa wata damina ta yi albarka wata ta gaza, kuma bincike ya danganta farin da aka sha a Sahel a 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 da sauyin ɗumin tekuna. Ga kuma iskar kabon da ake fitarwa daga ƙona fetur da gawayin kwal, wadda yawanta a cikin iska ya tashi daga kusan kashi 280 zuwa sama da kashi 420 cikin miliyan, tana yin aikin mayafi tana hana zafi fita. Duk digiri ɗaya da iska ta ƙara tana iya ɗaukar ƙarin laima kusan kashi 7 cikin ɗari, don haka in ruwa ya tashi zuba sai ya zuba da yawa lokaci guda, abin da ke damuna ke nan in na ga gidajen ƙasa a unguwanninmu da magudanan da suka toshe.

Samu gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, ka ajiye a fili nesa da indararo da bishiya, duk safiya bayan ruwa ka tsoma rula ka rubuta. Milimita ɗaya daidai yake da lita ɗaya a kan kowane murabba'in mita na gonarka. A gefe ka rubuta tsawon inuwa, da inda iska ta fito, da ranar da ka fara ganin shamuwa. Hukumar NiMet mai kula da yanayi a Najeriya na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, a Yamai kuma akwai cibiyar AGRHYMET da ke irin wannan aikin don ƙasashen Sahel, sai ka ajiye nasu kusa da littafinka ka duba ranar da suka ce ruwan shuka zai sauka a yankinku da ranar da gwangwaninka ya fara tara ruwa.