Yadda Za Ka Riƙe Kwamfutar Biro Ba Tare da Ka Jawo wa Kanka Magana Ba

Ɗiyar ƙanwata ta samu aiki a wani biro a unguwar Filato, nan Yamai. Ranar da ta fara aka nuna mata tebur da kujera da kwamfuta, aka ce ga wurinki. Bayan isha'i ta same ni a gida, ta ce, "Kawu, Word da Excel na iya su, amma gabana faɗuwa yake yi. A gindin kwamfutar an manna wata 'yar takarda, an rubuta azerty123, wai da ita kowa ke shiga." Na ce ta jawo tabarma ta zauna.

Na daɗe ina gyara wa ma'aikatu kwamfutoci, kuma yawancin ɓarnar da na gani ba rashin ilimi ya kawo ta ba. Kunya ce da gaggawa: kunyar hana abokin aiki kalmar sirri, kunyar tambaya, da saurin danna abu kafin a karanta. Ga abin da na gaya mata, bi da bi.

Fara da kalmar sirri

Ranar farko, ka nemi a buɗe maka shiga taka ta kanka, da sunanka. In an ce babu, sai ta kowa da kowa, ka sake roƙo cikin ladabi, domin duk abin da aka aikata da shiga ɗaya, ba a gane hannun wa.

Sai ka tsara kalmar. Kada ka sa sunan ɗanka, ko shekarar haihuwarka, ko lambar wayarka. Wanda ke zaune kusa da kai ya san su duka. Su 123456 da azerty kuwa, su ne na farko da manhajar ɓarayi ke gwadawa. Abin da ke ba kalma ƙarfi shi ne tsawo. Ka ɗauki kalmomi huɗu ko biyar na Hausa waɗanda ba su da dangantaka da juna, ka haɗa su da alama da lamba, kamar tulu-Gaya-albasa-jirgi47. Wannan misali ne kawai, tunda na rubuta shi a nan ya tashi daga aiki. Irin wannan ta wuce haruffa 20, tana zama a ka, kuma injin da ke canke zai sha wuya. Ka guji karin magana ko baitin da kowa ya sani, ka kuma guji haruffa masu lanƙwasa irin ƙ da ɗ, don ba kowane allon madannai ke da su ba.

Akwai wani tarko da ya shafe mu musamman. Allon madannanmu na Faransanci ne, wanda layinsa ya fara da AZERTY, amma kwamfutoci da yawa da ke shigowa kasuwa na Ingilishi ne, masu QWERTY. A tsakaninsu A da Q sun yi musanyar wuri, Z da W ma haka, M ya ƙaura, kuma a namu sai ka riƙe maɓallin Maj kafin lambobin layin sama su fito. Sau da yawa an kira ni wai an sace wa mutum kalmar sirri, in je in tarar harshen allon ne ya juya. Kafin hankalinka ya tashi, duba kusurwar ƙasa ta dama, ka ga ko FRA ne ko ENG.

Kowace ƙofa da makullinta: ta kwamfuta daban, ta imel daban, ta Facebook daban. Dalili kuwa, in aka fasa wani shafi aka kwashe kalmomin mutane, ɓarayin kan bi su suna gwadawa a sauran wurare. In sun yi maka yawa, akwai manhajoji na kyauta irin KeePass da Bitwarden da ke adana su a ƙarƙashin babbar kalma guda. Wanda bai saba ba, ya rubuta a ɗan littafi ya ajiye a gida ko cikin aljihun tebur mai kulle. Ban da gindin kwamfuta, ban da ƙarƙashin allon madannai.

Yanzu ga wurin da ya fi wuya. Wata rana babban mutum a biro, sa'ar mahaifinka, zai ce, "Ba ni kod ɗinka in fitar da wata takarda." Bakinka zai yi nauyi. Na san wata baiwar Allah da ta bayar don kunya, bayan wata biyu aka tarar an canza adadin kuɗi a wata takarda da sunanta, ta rasa bakin kare kanta. Ba sai ka ce a'a ba. Ka miƙe ka ce, "Ranka ya daɗe, bari in fitar maka da ita yanzu." Ka yi masa aikin da hannunka, girmansa bai taɓu ba, sirrinka bai fita ba. Kuma duk lokacin da za ka tashi, ko alwala za ka je, ka danna maɓallin Windows tare da L. Fuskar ta kulle nan take.

A imel da WhatsApp ka kunna tabbatarwa ta mataki biyu, wato ƙarin makulli na biyu da za a nema kafin a shiga asusunka. Lambobi 6 ɗin nan da WhatsApp ke turowa ta saƙon waya, ba a ba kowa su, ko da wanda ya kira ya ce daga kamfanin waya yake ko ya ce kuskure ya yi ya turo maka. Wanda ya karɓe su ya karɓe asusunka, gobe sai ya bi danginka yana neman a aika masa kuɗi da sunanka.

Kafin ka danna

Saƙon damfara yana da wari guda biyu: ko ya tsorata ka, ko ya kwaɗaita maka. "Za a rufe asusunka yau." "An zaɓe ka cikin masu samun tallafi." Kwaɗayi mabuɗin wahala. Da ka ji saƙo yana tura ka ka yi sauri, to lokacin dakatawa ya yi.

Ka koyi karanta adireshi. Ɗora kibiyar linzamin kwamfuta a kan mahaɗin da ke cikin saƙon, wato rubutun da ake dannawa ya kai ka wani shafi, ba tare da ka danna ba, ainihin inda zai kai ka zai bayyana a ƙasa. Abin dubawa shi ne ƙarshen sunan, kafin karkatacciyar sanda (/) ta farko da ta biyo bayan sunan. Shafukan gwamnatin Nijar da yawa suna ƙarewa da gouv.ne. Amma in ka ga gouv.ne a gaba sannan wani suna ya biyo baya ya ƙare da .com, gidan na mai sunan ƙarshen ne, an ɗaura masa rawanin gwamnati kawai. Ɗan kwaɗon da ake gani kusa da adireshi, ko https, yana nufin hanyar a rufe take tsakaninka da shafin. Ba ya shaidar cewa mai shafin mutumin kirki ne. 'Yan damfara ma suna da shi.

In saƙo ya zo da sunan shugabanka yana cewa a tura kuɗi da gaggawa ta Nita ko Amana, ko a canza lambar asusun wani ɗan kwangila, kada ka amsa ta cikin saƙon. Tashi ka je ofishinsa, ko ka kira lambarsa da ka riga ka sani. Shugaba na gari ba zai ji haushi ba.

Takardun da ake liƙowa a imel ma sai da lura. Windows tana ɓoye wutsiyar sunan fayil, sai ka ga facture.pdf alhali cikakken sunan facture.pdf.exe ne, wato manhaja ce ta yi shigar takarda. Ka shiga sashen Affichage na wurin duba fayiloli ka sa a riƙa nuna wutsiyar. Fayil mai .exe da ba ka nema ba, kada ka buɗe shi.

Idan kwamfuta ta nemi sabunta kanta, ka bar ta ta yi, ko da a lokacin tafiya cin abinci ne. A watan Mayu na 2017 wata cuta mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida, alhali Microsoft ta fitar da maganin tun watan Maris, mutane ne ba su sa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Windows 7 an daina yi mata gyara tun Janairun 2020, tallafin Windows 10 na kowa da kowa kuma ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025. In irinsu ce a teburinka, ka sanar da mai kula da na'urori.

Ajiyar takardu

Fuskar kwamfuta ba rumbu ba ce. Ka buɗe babban dosiye guda na aiki, a ciki ka raba shekara-shekara, cikin kowace shekara ka raba bisa aikinka: wasiƙu, rahotanni, kuɗi. Ya isa haka.

Sunan fayil ya fara da kwanan wata, shekara a gaba, sai wata, sai rana: 2025-03-14 wasiƙar neman izini. Da haka kwamfuta za ta jera su da kanta daga tsoho zuwa sabo. Sunaye irin "sabo", "na ƙarshe", "na ƙarshe na gaske" su ke sa a aika wa minista takardar da ba a gyara ba. In gyare-gyare sun yi yawa, ka sa 1, 2, 3 a ƙarshe.

Mu da muka san yadda wuta ke yi a watan Afrilu da Mayu, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Yatsanka ya saba da Ctrl da S, duk bayan sakin layi ɗaya. In kwamfutar ta tebur ce, ka nemi a haɗa mata akwatin batirin nan da ake kira ondular. 'Yan mintocin da yake bayarwa sun isa ka adana aiki ka kashe lafiya.

Kile ta USB kuwa, ita ce babbar mai yawo da cuta a garin nan. An kai ta shagon buga takardu, an soka ta a kwamfuta goma, ta dawo duk dosiyoyin sun koma 'yan gumaka masu kibiya a gindi. Kada ka danna su. Galibi takardun suna nan, ɓoye su aka yi, mai gyara zai fito da su. Duk kile da ta kwana a waje, a bincike ta da manhajar kashe cuta kafin a buɗe. Wadda ka tsinta a ƙasa kuwa, ba ta shiga kwamfutar aiki sam. Ka kuma sani, abin da ka goge daga kile ba ya zuwa kwandon shara na Windows, tafiya yake yi kai tsaye.

Aiki mai muhimmanci ya zauna a wuri uku: a kwamfutar, a wani faifai na waje, da kuma wani wuri da ba cikin ginin ba, kamar ma'ajiyar intanet da ma'aikatarku ta amince da ita. Ka ware ranar Juma'a kafin a tashi don kwafewa, ka cire faifan bayan ka gama, kuma jefi-jefi ka buɗe kwafin ka tabbatar yana buɗuwa. Na ce wadda ma'aikata ta amince da ita, domin takardun biro cike suke da sirrin mutane: albashi, rashin lafiya, lambobin waya. Tun 2017 Nijar tana da dokar kare irin waɗannan bayanai, akwai kuma hukumar HAPDP da ke sa ido. Jerin sunayen ma'aikata ba abin turawa a rukunin WhatsApp ba ne, ba kuma abin kaiwa gida a kile ba.

Ɗiyar tawa ta yi shiru, can ta ce, "To Kawu, in na riga na danna fa?" Na ce wannan ita ce tambayar. Ki zare wayar intanet daga bayan kwamfutar ko ki kashe wifi, kada ki goge komai, ki tafi wurin mai kula da na'urori ko shugabanki a wannan sa'ar, ki faɗi abin da kika danna da lokacin da kika danna. In kin rubuta kalmar sirri a shafin, ki canza ta daga wata na'urar daban, tare da duk inda kika taɓa amfani da irinta. Wanda ya zo mini cikin minti goma, yawanci kwamfuta ɗaya nake wankewa. Wanda kunya ta sa ya yi shiru har Litinin, sai mu kwana uku muna bin biro ɗaki-ɗaki.