Yadda Ake Tsara Hutun Wasan Golf a Tsibirin Ireland

Kafin ka sayi tikitin jirgi, fara da neman gurbi a manyan filayen bakin teku, domin su ne ke cika da wuri. Royal County Down da Royal Portrush a arewa, Ballybunion da Lahinch a yamma, duk sai an kama lokaci da watanni masu yawa, kuma ba kowace rana suke barin baƙi su buga ba. Ranakun da suka ba ka su ne ginshiƙin tafiyar, sauran shiri a kansu za ka ɗora.

Sai takardu. Tsibiri ɗaya ne amma hukuma biyu: kudu Jamhuriyar Ireland ce, ana kashe Yuro, arewa kuwa ƙarƙashin Birtaniya take, Fam ake kashewa. Ba shingen bincike a kan iyakar, amma kada hakan ya ruɗe ka, kowane ɓangare da dokar bizarsa, kuma bizar Schengen ba ta aiki a ko ɗaya.

Lokaci mafi kyau daga Mayu zuwa Satumba. A watan Yuni gari na nan da haske har wajen ƙarfe 10 na dare.

Yanzu ga inda mutane ke yin kuskure. Sai mutum ya jera filayen bakin teku kwana biyar a jere, ranar uku ƙafa ta ƙi. Filayen nan kan tudun yashi suke, babu bishiyar da za ta tare maka iska, ƙasa tauri, ƙwallo na faɗuwa sai ta ci gaba da gudu. Galibi a ƙafa ake zagaye ramuka 18 da ke cikin filin. Don haka bayan kwana biyu a gaɓa, shiga cikin ƙasa ka huta a filayen da ke da bishiyoyi da tafkuna da ciyawa mai laushi, irin su K Club a Kildare, inda aka yi gasar Ryder Cup ta 2006, wadda Turai da Amurka ke karawa a cikinta, ko Mount Juliet a Kilkenny da shahararren ɗan wasan golf Jack Nicklaus ya zana, ko Adare Manor kusa da Limerick. Can ƙwallo kan tsaya kusa da inda ta sauka, har mutum ya ɗauka ya iya.

Kada ka ce sai ka zagaye tsibirin a mako guda. Zaɓi yanki ɗaya. In kudu maso yamma ne, sauka a filin jirgin Shannon. In arewa ne, Belfast ko Dublin. Ana tuƙi ta hannun hagu, hanyoyin ƙauye kuma matsattsu ne, tafiyar da taswira ta nuna gajeriya sai ta cinye maka hantsi. Tsakanin Lahinch da Ballybunion hau jirgin fito daga Killimer zuwa Tarbert, kimanin minti 20, ya fi zagayawa ta Limerick.

A jaka, sa rigar ruwa da wandonta, takalmi ƙafa biyu, ƙwallaye fiye da yadda kake zato, da shaidar matakin ƙwarewarka, wasu kulob na tambaya. A fili irin Lahinch, inda ake buga wasu ramukan ba tare da ganin tutar da ke nuna ramin ba, ɗauki yaron fili mai riƙe jaka ya nuna maka inda za ka saita. Shi ma tun ranar da ka kama gurbi ake nemansa.