Ga masu tsohuwar Mercedes SL: a kula wajen cire rufin ƙarfe

Salam 'yan'uwa. Duk mai Mercedes SL samfurin R107, wadda aka ƙera daga 1971 zuwa 1989, don Allah kada ya ɗaga rufin ƙarfen shi kaɗai. Nauyinsa ya kai kusan kilo 40, kuma faɗinsa ya fi ƙarfin hannun mutum ɗaya. Ku zama biyu, kowa a gefe guda.

Kafin ku taɓa komai, ku sauke gilasan ƙofa, ku kwance makullai biyun da ke saman gilashin gaba, sannan na gefe da na baya. Abin da aka fi mantawa shi ne wayar lantarki mai ɗumama gilashin baya. A zare ta tukuna, in ba haka ba sai a tsinke ta. Ku ɗaga sama sosai, ku yi baya da shi a hankali, domin ƙarfen da ke ƙasansa yana karce fenti.

Idan an sauke rufin, kada a jingina shi a kan gilashinsa. Robobin gefe kuwa a shafa musu man silikon, ba man inji ba, wanda ke lalata roba. Rufin tamfol ɗin ma, wato rufin motar na biyu mai naɗewa, kada a naɗe shi a jiƙe, zai yi fumfuna.