Yadda ake kula da gwiwar da ta ji rauni kafin guringuntsi ya cinye

Saurayi ya murɗe gwiwa a filin ƙwallo ko ya faɗo daga babur, sai a ce targaɗe ne, a gasa masa da ruwan zafi, a mulke da man zafi. Ciwo na lafawa ya koma fili. Daga nan ɓarnar take farawa.

Guringuntsi shi ne farin santsin nan da kake gani a bakin ƙashin rago. A gwiwar mutum kaurinsa milimita 2 zuwa 4 ne, ba shi da jijiyar jini, ba shi da jijiyar jin zafi. Shi ya sa ba ya warkewa kamar fata, kuma yana iya cinyewa mai shi bai sani ba.

Da farko, duba lokacin da kumburin ya taso. Idan cikin awa 2 gwiwar ta cika tam, galibi jini ne ya taru a ciki, wata jijiyar da ke riƙe gaɓar ta tsinke ko ƙashi ya tsage. Wannan ba aikin mai ɗori ba ne, a nufi asibiti.

Na biyu, ka kashe kumburin, kuma a nan mutane suka fi faɗuwa. Gaɓar da ta kumbura tana fitar da sinadarai masu narkar da zaren da ya riƙe guringuntsi, jinin da ya kwanta a ciki kuma yana kashe ƙwayoyinsa. Gashi da tausa a kwanakin farko ƙara hura wutar suke yi. Ka naɗe ƙanƙara a tawul ka ɗora minti 15 zuwa 20, sau da yawa a yini, ka ɗaure da bandeji ba tamau ba, ka ɗora ƙafar kan matashi. In babu wuta, ledar ruwan sanyi daga shago ta wadatar. Muddin gwiwar ba ta saɓe daidai da 'yar'uwarta ba, a wurina babu gudu, babu tsalle, ko da ciwon ya tafi. Diclofenac yana rufe ciwo ne, yawan shan sa kuma yana taɓa ciki da ƙoda.

Na uku, kada hoton X-ray ya ruɗe ka, ƙashi yake nunawa. In gwiwar tana sarƙewa ko tana gocewa, hoton MRI, mai nuna jijiyoyi da guringuntsi, ake buƙata. Akwai tsada, amma kusan rabin waɗanda babbar jijiyar tsakiyar gwiwarsu ta tsinke sukan kamu da amosanin gaɓa cikin shekara 10 zuwa 20.

Bayan 'yan kwanaki fara lanƙwasawa a hankali, domin da motsi guringuntsi ke tsotsar abinci daga ruwan gaɓa. Ƙarfafa naman cinya, rage ƙiba.

Idan kuwa gaɓa ta yi zafi rau da zazzaɓi, musamman ga yaro ko mai sikila, a kai shi asibiti a ranar. Mugunya a gaɓa tana cinye guringuntsi cikin 'yan kwanaki.