Yadda za ka rage kumburin huhu in ana tiyatar ƙirji da huhu ɗaya

Ƙannena masu koyon aikin sa barci a Shika, in za a buɗe ƙirji ana sace iskar huhu ɗaya, ɗayan ke ɗaukar numfashin duka, to kar ka ɗura masa iskar huhu biyu. Saita injin numfashi ya riƙa ba da iska mililita 4 zuwa 6 kan kowane kilo a kowane numfashi, kuma da tsawon mutum ake lissafin nauyin ba da tumbinsa ba, PEEP (matsin iskar da inji ke bari a huhu bayan fitar numfashi) wajen 5, idonka na kan matsin iska. Ƙarin ruwa a hankali dan Allah, in ya yi yawa huhu ke jiƙewa. In za a sake hura huhun da ya kwanta kar ka matse jakar hura iska kamar balan-balan, sannu sannu, shi ma yakan kumbura in jini da iska sun dawo masa.